Takardar da Na Cike wa Baba

Har yau idan bazarar nan ta faɗo min a rai, zama gagarata yake yi. Sai in miƙe in shiga kai-komo a tsakar gida, maiɗakina ta leƙo tana tambaya ko wani abu na yar. A bazarar nan ne mahaifina ya kusa halaka kansa da yunwa alhali rumbunsa da hatsi, ni kuwa ɗansa na fari ina zaga gari da takardu a hammata, wai ina auna damuwar mutane. Ƙofa ɗaya muke shiga da fita, ni da shi.

Shekarun wahala ne. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero yana bununi, takin zamani ya zama sai mai hanya, garin rogon da a da muke yi wa dariya ya shigo kasuwa ya zauna daram. Ƙauyenmu yana arewa da Bici, inda gona take manne da gona, iyakarka da maƙwabcinka layin lalle ne kawai ko kututturen gamba. Babu dajin da mutum zai shiga ya ɓoye talaucinsa. Gidan da aka ji daka da hantsi an san da sauran hatsi, wanda turminsa ya yi shiru kwana uku kuwa ba sai an tambaya ba.

Ni ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, kuma dole kowane ɗalibi ya yi aikin bincike kafin a sallame shi, abin da muke kira furojet. Na zaɓi ilimin halayyar ɗan Adam, don a lokacin gani nake na gama gane mutane, saura kawai a miƙo min takardar shaida. Malamin da aka haɗa ni da shi wani gajere ne mai kaifin baki, tabaransa ɗaure da zare ta gefe ɗaya. Na je masa da shawarata: ina so in ɗauki magidanci ɗaya a ƙauyenmu, in zauna da shi har faɗuwar ruwa, in rubuta yadda yunwa take sauya mutum.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Tatsuniya za ka kawo min ke nan?"

Na ce a'a, Malam, bincike ne.

Ya ce, "Zauna. Mutum ɗaya ba ya koya maka komai sai kansa. In ka gama saninsa, me za ka gaya min game da maƙwabcinsa? Babu. Amma ka tara arba'in, ka yi musu tambaya iri ɗaya, abin da kowa ya keɓanta da shi sai ya tashi kamar ƙaiƙayi, abin da ya haɗa su ya zauna a ƙwarya. Wannan da ya zauna shi ne ilimi. Shi za ka ɗauka ka kai Makoda ko Shanono ya yi maka aiki a kan mutanen da ba ka taɓa gani ba."

Wallahi maganar ta shige ni. Muka zauna muka tsara tambayoyi. Malam ya hana ni tambayar mutum kai tsaye ko yana cikin damuwa, don ya san amsar da zan samu: alhamdulillahi, ko da kuwa jinkan ɗakinsa ne yake cin wuta. Sai dai a zagaya. Yaya barci? Abinci yana shiga? Ana fita majalisa? An yi cacar baki da iyali a makon nan? Rabin mutanen su zama masu sauran hatsi a rumbu, rabi waɗanda nasu ya ƙare. Aka gurza min takardu arba'in da 'yar ɗoriya, hutu na zuwa na ɗaure su a bayan keke na yi gida.

Tabɗijam! Ranar farko da aka gan ni da takarda da biro, labari ya zaga cewa rabon tsaba za a yi, ni ne mai ɗaukar suna. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce in rubuta shi sau biyu, yana da baƙi. Da na ce ba suna nake rubutawa ba, lamba ce kawai, kuma ko ƙwayar gero ba za a bayar ba, sai ya ce, "To ɗan nan, barcina me zai yi wa gwamnati?" Amma suka amsa. Mutanenmu ba sa korar ɗan gida, kuma babu aiki a lokacin sai zaman jiran hadari. Wasu ma da suka fara magana sai na rasa yadda zan tsayar da su. Mutum yana ba ni labarin tunkiyar da ya rabu da ita, ni kuwa idona yana kan gurbin da zan sa alama, ina jira ya gama in wuce tambaya ta gaba.

Kafin mako biyu abin ya fito fili. Waɗanda rumbunsu ya bushe ba sa barci, suna faɗa da matansu a kan abin da bai kai ya kawo ba, sun daina zama cikin mutane. Masu sauran hatsi kuwa hankalinsu a kwance, suna ci, suna fita hira. Na jera takardun a kan tabarma gida biyu, ina kallonsu ina jin daɗi kamar ni na halicci abin.

Wadda na fara kai wa albishir ita ce Gwaggo, yayar mahaifina. Ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni, kamar yadda ake yi wa ɗan fari, kuma ita ta goyi mahaifin nawa ma yana jariri. Mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama. Gwiwoyinta sun ƙi, amma bakinta lafiya lau. Na same ta tana tsinke ganyen tafasa, na zayyana mata abin da na gano.

Ta ce, "Wannan ne karatun da ka yi shekara uku kana yi? Mai yunwa ba ya barci? Ai akuyata ma ta san wannan."

Na ce, "Gwaggo, sani daban, tabbatarwa daban."

Ta ce, "To malam mai tabbatarwa, ka dubi ubanka kuwa?"

Na ce me ya samu Baba, mutumin da duk unguwar nan babu mai rumbu irin nasa? Ta buɗe baki za ta yi magana, ni kuwa na riga na shiga yi mata bayanin ƙaiƙayi da tsaba. Ta saurare ni har na ƙare, ta ce Allah ya shirya, ta ci gaba da tsinkar ganyenta.

Akwai wani gida a bayan namu da na tarar an toshe ƙofarsa da ƙaya. Gidan aminin Baba ne, wanda muke kira Baffa. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi karatun allo, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya sha furar rana ba tare da shi ba. Baffa zai shigo soro yana mita, ya ce furar ta yi tsami ko yajin ya yi kaɗan, sannan ya shanye fiye da rabi. Gonarsa tana kan jigawa, fari ya fi dukanta, ta Baba kuwa ta gangara gefen fadama. Da na tambaya aka ce min sun yi ƙaura wajen surukansa ta yankin Shanono. Ban yi mamaki ba, mutane da yawa sun tashi a shekarar. Abin da na ji a raina, kuma ina jin kunyar faɗarsa, shi ne haushi: na yi asarar mutum guda da zai shiga layin marasa hatsi.

Na cike talatin da tara, na arba'in ya gagara. Marasa hatsi kam ko ina ka juya ga su, amma mai hatsi guda nake nema, kuma na gama da duk wanda ake jin daka a gidansa, saura gida ɗaya, namu. To fa. Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "wannan" ko "yaron nan". In na shigo soro na durƙusa na gaishe shi, amsawa yake yi yana kallon bango. In yana da saƙo, ta bakin Gwaggo yake zuwa, ko da kuwa ina tsaye a wajen. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, alkunya ce, haka na ga ana yi a kowane gida. Amma ta ina zan fara zama gaban mutumin nan da biro in ce, Baba, kana barci? Kun yi faɗa da Inna a makon nan? Haba!

Kwana biyu ina zagayen soron nan. In taho da takardar a hannu, in ga ƙafafunsa a kan buzu, sai in wuce kamar wani aiken nake yi. Rana ta uku na tafi gindin tsamiyar da take bayan masallaci, na ɗora takardar a cinya na ce wa kaina, ai ba ƙarya zan yi ba. Mutum goma sha tara masu hatsi sun amsa kusan iri ɗaya, Baba kuwa ya fi su duka hatsi. Barci, lafiya lau. Abinci, yana shiga. Majalisa, yana fita. Na sa lamba ta arba'in a sama, na busa tawadar ta bushe.

Kada wani ya ce alamun ba su bayyana ba. Akushinsa yana dawowa cikin gida da tuwo, loma ɗaya ko biyu kawai aka gutsura. Da rana aka daina kai fura soro, wai yana azumin nafila, azumin da ba ya tsayawa Litinin da Alhamis. Ya daina fita gindin durumi inda dattawa suke zama. Hadari ya fara haɗowa ta gabas yana watsewa, kowa ya kai fartanyarsa maƙera, ta Baba tana jingine ta yi tsatsa. Rigarsa ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Duk na gani, kuma duk na sama musu dalili: zafi ne, tsufa ne, ibada ce. Ina da takardu talatin da tara da suka gaya min cewa mai hatsi ba ya cikin damuwa.

A gidanmu babu mai shiga rumbu sai Baba. Kowace safiya zai jingina tsani, ya ɗage murfin, ya zura ciki, ya miƙo damin da za a sussuke a ranar. Ko Inna ba ta san abin da ya rage a ciki ba. Wata safiya ya shiga, mata suna tsaye da turmi suna jira, shiru. Rana ta ɗaga, shiru. Ina ɗakina ina haɗa alamomi sai na ji Gwaggo tana ƙwala min kira da wata murya da ban san ta da ita ba.

Na hau tsanin na leƙa. Yana zaune a kan dammunan gero, ya jingina da bangon rumbun, numfashi yake yi sama-sama. Ya ɗago dami ne jiri ya ɗebe shi, ƙarfin da zai kama baki ya fito kuma babu. Hatsi kuwa ga shi nan, ya isa ya kai mu kaka har a yi saura. Na zura ciki, na sa hannu a hammatarsa na ɗaga shi. Rabona da taɓa jikin mahaifina ban ma san ranar ba. Ina taɓa shi na ji haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya ta cikin riga, kuma bai fi damin kara nauyi ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Har muka sauko da shi aka kwantar a soro bai dube ni ba.

Aka dama kunu aka kawo, ya kawar da kai, ya ce yana azumi. Liman ya zo ya ce azumin nan ya haramta a gare shi, ya ce to, amma ludayi biyu ya kurɓa ya ture.

Gwaggo ta kira ni ɗakinta ta ce in rufe ƙofa. Ta ce, "Ka ce min arba'in aka ce ka kawo, kuma ka ce sun cika. Wane ne na arba'in?"

Na ce Baba ne.

"Yaushe ka tambaye shi?"

Na ce ban tambaye shi ba.

"Ɗauko ka karanta min abin da ya ce."

Na ɗauko na karanta mata, barci lafiya, abinci yana shiga. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni ɗin da ya fi min sauƙi. Sai ta ce in zauna ta gaya min wane ne ubana. Wai yana ɗan shekara bakwai ya shanye nonon da aka ajiye wa ƙaninsu mara lafiya, aka tambaya ya yi shiru, aka daki wani a kansa. Kwana uku bai sa komai a bakinsa ba, sai da wanda aka daka ɗin ya zo ya zauna ya ci da shi a ƙwarya ɗaya. Da ya girma ya taɓa ɗaga wa mahaifiyarsu murya, haka ya sake yi. Ta ce, "Shi bakinsa bai iya cewa na yi kuskure ba, cikinsa ne yake faɗa masa. Kuma ba ya komawa ga abinci sai hannun wanda ya ɓata wa ya shiga ƙwaryar."

Na ce to wa ya ɓata wa yanzu?

Ta ba ni labarin. Bayan kaka Baba ya ƙirga dammunansa, ya ƙirga bakunan da suke ci a gidan, har da iyalin ƙaninsa da ya rasu, sai ya kafa doka: dami ko ɗaya ba zai fita wa kowa ba sai ruwa ya zauna, don in ya buɗe wa mutum ɗaya gari ne zai taho. Kuma gaskiyarsa ce, da ya buɗe da tuni mun bi sahun masu ƙaura. Ana tsakiyar rani Baffa ya shigo shan fura kamar kullum, ya yi ta jan hira har la'asar, sannan ya sunkuyar da kai ya ce a taimaka masa da dami biyu, yara sun kwana biyu a kan tafasa. Baba ya ce ya riga ya ce ba ya ba kowa. Baffa ya ce, "Har ni?" Baba ya yi shiru. Baffa ya yi 'yar dariya, ya kakkaɓe rigarsa ya fita. Mako bai zagayo ba aka ga ƙaya a ƙofarsa.

Gwaggo ta ce, "Kai da ubanka duk kanwar ja ce. Shi ya yi wa amininsa kuɗin goro da sauran gari, kai ka yi masa kuɗin goro da masu hatsi. Sau biyu ina aika wa aminin nasa saƙo ta bakin 'yan kasuwa, bai ko amsa ba. Ba saƙo yake so ba. Da ina da ƙafa da tuni na je."

Ta sa aka kama ta har ƙofar soro, ta ɗaga murya yadda Baba zai ji, ta ce ta umarci yaron nan ya shiga rumbu ya fito da dami biyu, gobe zai kai su inda ya kamata. Baba yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Muka jira. Bai ce a'a ba.

Ana idar da sallar asuba na ɗaure dammunan a bayan keke, na lulluɓe su da tsohuwar tabarma, don a shekarar nan ba a ratsa ƙauyuka da hatsi a buɗe. Hanya rairayi ce, rabi tuƙi rabi turawa. Ƙishirwa ta dame ni, amma zuciyata ta fi damuna. In Baffa ya ƙi zuwa fa? In na koma na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida fa? Can na kama kaina ina lissafi: Baffa mara hatsi ne, marasa hatsi suna da saurin fushi, ke nan zai kore ni. Na tsaya a tsakiyar hanya na yi tsaki da ƙarfi, har wata mata mai ɗauke da itace ta waiwayo. Ko a ranar ban daina ba.

Wajen azahar na same shi a ƙofar gidan surukansa, yana zaune a inuwar darbejiya yana tufkar igiya. Shi ma ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, na yaye tabarmar. Ya dubi dammunan, ya dube ni, ya ce, "Kwana nawa rabonsa da abinci?"

Na ce, "Baffa, wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Wa zai gaya min? Tare aka yi mana kaciya." Ya ja igiyarsa ya ci gaba da tufka. "Mayar masa da hatsinsa. Ya yi ta azumin. Ni da na kwaso yara a ƙafa cikin ranar nan, ƙaramar tana amai a hanya, wa ya yi azumi domina? Ina zaune a gidan surukai kamar wanda ba shi da gari, ana miƙo min tuwo ana kallon hannuna."

Babu wannan a cikin tambayoyina. Sai kawai na gaya masa yadda na ɗago Baba daga rumbu, da yadda na ji ƙasusuwansa. Ya yi ta murza igiyar a cinyarsa har na fid da rai, na fara tunanin yadda zan shiga gida in dubi Gwaggo. Can ya jefar da ita ya ce, "Tsohon banza, taurin kai kamar jaki. Tun muna yara haka yake wahalar da mutane." Ya kwance dammunan da kansa ya shiga da su ciki, na ji mata sun yi salati. Ya fito da hularsa a hannu ya ce, "Ka iya goyo, ko karatun ne kawai?"

Muka iso gida rana tana shirin faɗuwa. Baffa ya yi sallama ya shiga soro, ni na laɓe a bayan zana. Bai gaishe da mara lafiya ba, bai yi masa sannu ba. Ya zauna a inda ya saba zama, ya shiga mita: hanya ta lalace, yaron nan bai iya tuƙi ba, ya kusa zubar da shi sau uku, kuma wane irin gida ne wannan da baƙo zai zo tun daga Shanono ba a kawo masa fura ba? Gwaggo, wadda ta riga ta dama tun la'asar, ta sa aka miƙa. Na ji Baffa ya kurɓa, ya yi tsaki.

"Wannan furar babu yaji ko kaɗan. Ko bakina ne? Ungo, ɗanɗana ka ji."

Na leƙa ta hudar zana. Baba ya yunƙura ya tashi zaune da ƙyar. Ludayin yana miƙe a tsakaninsu, ya daɗe a haka. Sannan Baba ya karɓa, ya kai baki. Ya ce, "Akwai yaji." Baffa ya ce babu. Baba ya sake ɗiba don ya tabbatar. Haka suka yi ta musu har ƙwaryar ta ƙare, babu wanda ya ambaci dami. Ni kuwa ina bayan zana ina kuka kamar ƙaramin yaro, na toshe baki da hula kada su ji.

Da na koma makaranta na gaya wa Malam gaskiya. Ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce abin da na yi ha'inci ne, kuma da wani ne ya kama ni ba ni na kawo kaina ba da sai ya ga bayana. Ya ce in zare takardar in sake lissafi da talatin da tara. Na sake. Babu abin da ya motsa, sakamakon yana nan yadda yake. Ya ce, "Ka gani? Ko da ka tambaye shi ya faɗa maka gaskiya, mutum ɗaya ba zai rushe abin da sauran suka nuna ba." Sannan ya ce yaya jikin tsohon, na fara ba shi labari. Ya cire tabaransa ya ajiye, ya saurare ni har aka kira la'asar, bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya daɗe yana kallon tebur, ya ce, "Wannan ba zai shiga furojet ba. Babu babin da zai ɗauke shi." Na ci jarrabawa da sakamako mai kyau.

Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa, a azuzuwan da yara suke zaune har bakin allo. Ba zan yi wa Malam butulci ba, da iliminsa na ci abinci. In na ga yaro yana gyangyaɗi da safe nakan ce bai karya ba, kuma yawanci haka ne, ba sai na san kakarsa ba. Wa yake da lokacin sanin yara ɗari ɗaya bayan ɗaya? Ilimin Gwaggo kuwa a kan mutum ɗaya tak yake aiki, sai da ta shekara sittin tana tara shi, ba ya koyuwa a aji, kuma da ta rasu ya bi ta. Amma shi ya sa ludayi a bakin mahaifina. Na yi ta juya abin nan a raina, wani lokaci in ba Malam gaskiya, wani lokaci in ba Gwaggo, har yau ban tsaya a waje ɗaya ba.

Sai dai ba wannan ne yake tayar da ni tsaye a tsakar gida ba. Bayan na gama makaranta na dawo, ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa. Baffa ya dawo da iyalinsa, an cire ƙayar. Baba ya fara mayar da jiki, ko da yake a daminar nan bai iya riƙe garma ba. Wata rana da hantsi yana zaune a soro, Gwaggo tana gefensa, ni ina ƙofa ina ba tayar keke iska. Jakata tana rataye a kan keken, da ragowar takardun da ba a cike ba a ciki. Sai na ji ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi in saƙon nawa ne.

Ya ce wa Gwaggo, "An ce wannan ya zaga gari da bazara yana tambayar mutane ko suna barci."

Ta ce, "Haka aka yi."

Ya ce, "Ina ganin ƙafarsa. Sai ya zo ƙofar nan da takarda a hannu, in ce yau zai shigo, sai ya wuce." Ya murza carbinsa, idonsa a kan bango. "Da ya tambaye ni, da na faɗa masa."

Gwaggo ta juyo ta dube ni. Jakar tana nan kusa da hannuna, biro yana aljihuna, tsakanina da shi bai fi taku huɗu ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da buga famfo, alhali tayar ta riga ta cika. Baba ya ƙara damina tara a duniya bayan wannan, kuma ban tambaye shi ba.